Cajar Orion-Tr Smart a Bayan Kujerar Hilux: Abin da Rani Biyu na Jigilar Allurar Dabbobi Suka Nuna Mini

Sana'ata ita ce kula da lafiyar dabbobi, kuma mafi yawan aikina da rani nake yinsa, lokacin da makiyaya suke gangarowa da shanunsu da tumakinsu zuwa fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru domin neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Abin da nake ɗauka a mota ba shi da nauyi, amma yana da sharaɗi guda mai tsauri: allurar rigakafi tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas tun daga inda aka karɓo ta har zuwa lokacin da za ta shiga jikin dabba. Allurar ciwon huhu ta shanu, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take sarrafawa, zafi ne yake kashe ƙarfinta, ita kuwa ta harbin daji, wadda ruwa ce a kwalba, daskarewa ce take lalata ta. Saboda haka firijin da ke cikin motata shi ne jarina, kuma shi ne amanar da ke tsakanina da mutanen da suke biyan kuɗinsu domin a kare musu dukiya. Wannan sharhi a kan na'urar da take ciyar da batirin wannan firiji ne, wato cajar Orion-Tr Smart 12/12-30 ta kamfanin Victron Energy, wadda na yi rani biyu ina aiki da ita a cikin Hilux mai kujerun baya.

Kafin in kai gare ta na bi hanyar da yawancin mutane suke fara bi, na kuma biya kuɗin makaranta. Wani mai riwaya ya haɗa mini batir na biyu da na mota ta hanyar makunnin nan mai sarrafa kansa da suke kira rile, wanda yake haɗa baturan biyu idan inji yana aiki, ya raba su idan an kashe. A magana tsarin yana da daɗin ji, kuma ba shi da tsada. Amma wayar da ya ja siririya ce, tafiyarta kuma da nisa, don haka wutar da take isa batir na biyu ba ta kai ƙarfin da zai cika shi ba, ni kuwa ban san haka ba sai a wata ruga da ke gabas da Haɗejiya, inda na kwana biyu ba tare da na yi doguwar tafiya ba. Da asubar kwana na biyu na tarar firiji a kashe, ma'aunin zafin da ke ciki ya wuce digiri 20, kuma ba ni da hanyar sanin tun yaushe. Na zubar da allurar gaba ɗaya, na je na gaya wa Arɗo cewa ba zan yi wa shanunsa allurar da ban amince da ita ba. Ya ce mini, "Likita, gara da ka faɗa, da ka yi shiru da mu za mu ɗauki asarar ba mu sani ba." Wannan magana ce ta sa na zauna na koyi lissafin wutar mota da kaina.

Batirin da yake tayar da mota an ƙera shi ne domin ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, sannan altaneta, wato janaretan da inji yake juyawa, ta mayar masa da abin da ya kashe nan take. Ba a yi shi domin a riƙa tsotsarsa a hankali dare da rana ba, kuma duk lokacin da aka zuƙe shi ƙasa sosai ana rage masa kwana. Wannan ne dalilin batir na biyu: shi yake ɗaukar firiji da fitilu da cajin waya, na gaba kuma a bar shi da aikin tayar da inji kawai. Tambayar da take rage ita ce yadda za a cika na biyun, kuma a nan ne caja irin Orion take da bambanci da rile. Rile haɗawa kawai yake yi, duk abin da ya iso shi zai miƙa. Caja kuwa tana karɓar wutar da ta iso, ko da ta yi rauni a hanya, ta ɗaga ta zuwa ƙarfin da batir yake bukata, sannan ta bi matakan caji uku: ta fara da turawa da dukkan ƙarfinta, ta tsaya a kan wani adadin bolt (ma'aunin ƙarfin wuta) ba ta canzawa har batir ya ƙoshi, daga nan ta sauko zuwa ƙarfin riƙo. Ga batirin litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, wanda yake son kimanin bolt 14.2 a matakin ƙoshi, tana da wani amfani na biyu: irin wannan batir yana iya jan wuta fiye da kima idan aka haɗa shi kai tsaye da altaneta, caja kuwa tana ƙayyade abin da zai sha a kan amfiya 30 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya). Haka kuma sababbin motoci da yawa suna da altaneta mai sauke ƙarfinta ƙasa da bolt 13 domin rage shan mai, kuma a irin waɗannan motoci rile mai dogaro da ƙarfin wuta yakan yi ta haɗawa yana rabawa ba tare da ya cika komai ba.

Kamfanin Victron na ƙasar Holan ne, hedikwatarsa tana birnin Almere, kuma Reinout Vader ne ya kafa shi a 1975. Sunansa ya fi fita a kayan wutar jiragen ruwa da na sola, kuma masu haɗa sola a gidaje a ƙasarmu sun san shuɗayen akwatunansa. Cajar tana zuwa iri biyu, mai raba layin ƙasa, wato wayar nagatif, na baturan biyu da wadda ba ta rabawa. A mota mai jikin ƙarfe, inda baturan duka suke komawa ga shasi ɗaya, ta biyun ta wadatar kuma ta fi sauƙin kuɗi, ita na saya. Akwati ne ƙarami mai nauyi a hannu, bayansa duk haƙarƙarin alminiyam ne na fitar da zafi, ba shi da fanka, ba shi da allo, sai ƙananan fitilu da ramukan ɗaure waya a ƙasa.

Ramukan nan suna karɓar waya har mai kaurin milimita murabba'i 16, kuma shawarata ita ce kada a sa wadda ta gaza haka idan batir na biyu yana bayan kujera. Lissafin a bayyane yake. Idan cajar tana fitar da amfiya 30 a kan bolt 14.2, abin da take ja daga gaba ya kai kimanin amfiya 36, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Daga bonet zuwa bayan kujera wajen mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10. A wayar tagulla mai kaurin 16, abin da zai zube a hanya bai wuce bolt 0.4 ba, amma a mai kaurin 6 ya haura bolt guda cur, kuma wannan bolt guda shi ne tazarar da ke tsakanin batir cikakke da batirin da ya bar ni a ruga. Akwai kuma wata matsala a kasuwa da ya kamata mai saye ya sani: ana sayar da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama, tana da kauri a ido, tana da sauƙin kuɗi, amma ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma idan aka kankare silin ɗaya da wuƙa sai fari ya fito. Na sa fiyus mai amfiya 60 dab da kan kowane batir, domin fiyus waya yake karewa, kuma wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba tare da fiyus a kusa da batir ba tana iya tayar da gobarar da za ta cinye mota kafin a kai ga buɗe bonet. Mai riwayan da ya yi mini wannan aiki na biyu ya matse kawunan wayoyin da injin matsewa, ya zura su cikin bututun roba a duk inda suka ratsa ƙarfe, kuma na tsaya a kansa har ya gama.

Batun da ya fi kowanne muhimmanci ga mai aiki a yankinmu shi ne zafi, kuma kamfanin bai ɓoye shi ba, yana rubuce a takardar bayanin na'urar. Ingancin cajar kashi 87 cikin ɗari ne, wato idan tana aiki da dukkan ƙarfinta kimanin wat 60 yana zama zafi a jikinta, daidai da tsohon ƙwan lantarkin nan da ba a iya riƙe shi da hannu. Amfiya 30 ɗin da aka rubuta a jikinta alkawari ne har zuwa digiri 40 na iskar da ke kewaye da ita. Daga nan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage mata kashi 3 cikin ɗari, iyakar zafin da aka yarda ta yi aiki a cikinsa kuma digiri 55 ne. A Nguru ko Gashuwa cikin watan Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana wuce 40 da rana, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Idan wurin da take ya kai digiri 50, abin da za ta ba da bai wuce amfiya 21 ba. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi, kuma na fi son na'urar da za ta rage gudu a kan wadda za ta ƙone. Amma wanda bai yi wannan lissafi ba zai ɗauka sa'o'i uku na tafiya sun cika masa batir alhali saura da yawa.

Wannan ne ya yanke mini hukuncin inda zan kafa ta. Ƙarƙashin bonet ba wurinta ba ne ko kaɗan, domin zafin inji ya fi ƙarfinta, kuma kariyar da aka yi mata daga ruwa da ƙura matsakaiciya ce. Bayan buɗaɗɗiyar mota a ƙarƙashin tamfol ma bai dace ba, saboda rana da ƙurar hanya. Na kafa ta a tsaye a jikin farantin alminiyam a bayan kujerar baya, ramukan waya suna kallon ƙasa, na bar mata sarari na santimita 10 sama da ƙasa kamar yadda littafinta ya nema, a inda sanyin na'urar sanyaya mota yake isa. Na ƙara wata ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana hura haƙarƙarinta idan inji yana aiki. Kuɗin fankar bai taka kara ya karya ba, amma tun da na sa ta cajar take riƙe ƙarfinta a doguwar tafiyar rana. Na kuma hana yaran da suke taimaka mini jibga buhu ko darduma a wannan lungu, domin lungun bayan kujera wuri ne da hannu yake saurin kaiwa idan ana neman inda za a cusa kaya.

Ana saita ta ne da wayar hannu ta Bluetooth, da manhajar kamfanin mai suna VictronConnect. A ciki ake zaɓar irin batirin, a ga ƙarfin wutar da ke shigowa da wadda ke fita, a kuma ga matakin cajin da take kai. Manhajar tana da Turanci da Faransanci da wasu harsunan Turai, wanda zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar daɗi, amma babu Hausa, don haka direban da bai yi boko ba zai bukaci a saita masa sau ɗaya. Abin da na fi yabawa shi ne yadda take gane an kashe inji: tana lura da ƙarfin wutar batirin gaba, idan ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa mata sai ta daina ja. A rani biyu ban taɓa wayar gari batirin tayar da mota ya yi sanyi ba, kuma wanda ya taɓa neman masu tura Hilux a cikin yashi ya san darajar wannan. Akwai kuma ramuka biyu ƙanana da za a iya haɗa su da makullin mota domin ta riƙa tashi da kunna inji kawai, ga wanda ya fi natsuwa da haka. Lambar sirrin Bluetooth ɗin ya kamata a canza ta tun ranar farko, domin duk mai manhajar da ke kusa da motar yana iya ganin na'urar.

Batirina na biyu litiyam ne mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir yake ajiyewa), wato kimanin wat-awa 1,280. Nauyinsa bai kai rabin na batirin dalma mai irin wannan girma ba, kuma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikinsa ba tare da an cutar da shi ba, alhali na dalma rabi kawai ake so a ci. Firijina Engel ne mai lita 40, ƙirar kamfanin Sawafuji na Japan, kuma idan injinsa yana aiki yana jan kimanin amfiya 2 da rabi. Ba ya aiki kullum, yana tashi yana hutawa, amma a tsakiyar bazara hutunsa kaɗan ne. Idan aka ɗauka yana aiki kashi 60 cikin ɗari na yini da dare, zai ci amfiya-awa 36. A ƙara fitilu biyu na dare, da cajin wayoyi, da kwamfutar da nake rubuta rahoto, da ƙaramar fanka, sai abin ya tasam ma 50 a rana. Ma'ana batir cikakke yana ba ni yini ɗaya da rabi a tsaye ba tare da na kunna mota ba, idan kuma na taƙaita a kan firiji kaɗai ya wuce kwana biyu. Mayar da amfiya-awa 80 kuwa yana ɗaukar kusan sa'o'i uku na tafiya idan cajar tana cikin sanyi. Wannan ya dace da irin yawona, domin tashi daga Kano zuwa Haɗejiya ya kusa cika shi, kuma zagayen rugage na yini yana mayar da mafi yawan abin da dare ya ci.

A nan zan ja kunnen masu sayen akwatin sanyi mai arha da ake sokawa a ramin kunna sigari, akwatin da ba shi da kwamfuresa, wato injin sanyaya irin na firiji. Irin wannan akwati yana sauke zafi ne da kimanin digiri 15 zuwa 20 ƙasa da na waje, kuma yana jan amfiya 4 zuwa 5 ba hutawa. A ranar da waje yake 42, cikinsa yana sama da 20. Ya isa ya sanyaya ruwan sha, amma wanda ya zuba allura a ciki ya yaudari kansa ya yaudari makiyayi, kuma ya cinye batir fiye da firiji na gaske ninki biyu ko uku.

Tambayar da abokan aiki suka fi yi mini ita ce ko tsarin zai ɗauki butar lantarki ko dutsen guga. Amsar tana cikin lissafi. Buta mai wat 2,000 a wutar gida amfiya 9 kawai take ja, amma idan aka ciyar da ita daga batir mai bolt 12 ta hanyar inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, abin da za ta ja ya haura amfiya 180. Yawancin baturan litiyam masu amfiya-awa 100 suna da allon kariya a ciki wanda yake yanke wuta a wajen amfiya 100, don haka batirin zai kashe kansa, kuma firijin zai mutu tare da shi. Duk abin da aikinsa dumama ne, buta ko rishon lantarki ko dutsen guga, na bar wa gas da gawayi. Inbata ɗin da na sa ƙarama ce mai wat 300, irin mai fitar da wuta mai laushi kamar ta gida, domin injin aske gashin dabba da cajar kwamfuta, kuma ina kashe ta da zarar na gama, saboda inbata tana shan wuta ko babu abin da aka soka mata. Duk na'urar da take da hanyar shan bolt 12 kai tsaye, ta nan nake ba ta, domin ɗaga wuta zuwa bolt 230 sannan a sake sauke ta asara ce sau biyu.

Ramin kunna sigari shi ma na raba shi da firiji. An yi shi ne domin abin da bai wuce amfiya 10 ba, kuma filoginsa da ƙarfin sifirin kawai yake zaune, don haka a hanyar burji mai gargada yakan zame kaɗan ya daina taɓawa ba tare da an lura ba, ko ya riƙa taɓawa sama-sama yana zafi har roba ta narke. Na maye gurbinsa da filogin Anderson mai amfiya 50, wanda yake kamawa gam, na kuma sa ƙaramin akwatin fiyus mai layi shida domin kowace na'ura ta sami nata, ta yadda idan cajar waya ta yi gajeren haɗi ba za ta tafi da firiji ba.

Akwai abubuwa uku da wannan caja ba ta yi, kuma mai saye ya sa su a lissafin kuɗinsa tun farko. Ba ta karɓar farantin sola, don haka wanda yake kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya sai ya sayi cajar sola daban. Ni na ƙara faranti mai wat 150 da ƙaramar caja tasa, kuma a ranar rani shi kaɗai yana ɗaukar nauyin firiji. Ba ta kuma faɗin yawan wutar da ta rage a batir, kuma a litiyam wannan babban gibi ne, domin ƙarfinsa yana zama kusan wuri ɗaya, tsakanin bolt 13.0 da 13.3, daga kusan cike har zuwa kusan ƙarewa, sannan ya faɗi farat ɗaya. Kallon bolt ba zai gaya maka komai ba, sai an sa ma'aunin da yake ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, irin SmartShunt na kamfanin ko makamancinsa. Na uku, ba a iya rage mata yawan abin da take ja. Amfiya 36 nauyi ne a kan altanetar ƙaramar mota, musamman idan inji yana aiki a tsaye, ga na'urar sanyaya mota da fitilu a kunne, domin a wannan hali altaneta ba ta juyawa da saurin da za ta sanyaya kanta. Saboda haka ba na barin mota tana aiki a tsaye domin caji sai dole, kuma mai ƙaramar mota ya fi dacewa da ƙanwarta mai amfiya 18.

Wanda zai saya yau yana da zaɓin da ya kamata ya duba. Kamfanin ya fito da sabuwa mai suna Orion XS mai amfiya 50, wadda ingancinta ya haura kashi 98 cikin ɗari, don haka zafin da take fitarwa kaɗan ne, an rufe ta sosai daga ƙura da ruwa, kuma ana iya rage mata ƙarfi ta manhaja. A ganina ta fi dacewa da yanayinmu, kuma da tana hannu lokacin da na yi sayayyata da na ƙara kuɗi na ɗauke ta. Akwai kuma BCDC1225D ta kamfanin Redarc na Ostireliya, ƙasar da wannan tsari na batir biyu ya zama ruwan dare a tsakanin masu ratsa daji. Tana ba da amfiya 25, tana da cajar sola a cikinta, kuma an ƙera ta ta jure zafi har digiri 80, ta yadda ana iya kafa ta a ƙarƙashin bonet. Sai dai kayan Victron sun fi sauƙin samu a wajen dillalan sola na ƙasarmu, kuma masu gyara sun fi sanin manhajarsu, wanda abu ne mai nauyi ga mutumin da motarsa take kwana nesa da birni.

Hukuncina a kan Orion-Tr Smart shi ne na'ura ce mai cika alkawarin da aka rubuta mata, muddin an karanta alkawarin har ƙarshensa, an ba ta waya mai kauri da wuri mai iska. Ta dace da ma'aikacin lafiya na mutane ko na dabbobi, da mai ɗaukar hoto ko sauti a karkara, da ɗan kasuwar da yake bin kasuwannin mako irin ta Maigatari ranar Alhamis yana kwana a mota. Wanda bukatarsa cajin waya ce da fitila ɗaya ba ya bukatar wannan ɗawainiya, ƙaramin batirin tafi-da-gidanka ya ishe shi. Farashinta yana bin dala, kuma idan aka haɗa da batir da waya da fiyus da ma'auni da kuɗin aiki, cajar kanta ba ita ce kaso mafi girma ba, don haka rage kuɗi a wajen waya ko fiyus ba ya rage wani abin kirki. Kamfanin yana ba da garanti na shekara 5, wanda dalili ne na saye a hannun dillalin da zai ba da rasiti mai lambar na'urar. Batirin ma a gwada shi kafin a dogara da shi: a cika shi, a ɗora masa nauyin da aka san yawansa, a ƙirga sa'o'in da zai yi, domin abin da aka rubuta a jikin wasu baturan ya fi abin da ke cikinsu.

Duk da wannan, ban mayar da amanar allura ga na'ura ita kaɗai ba. A cikin firiji akwai ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasan abin da aka kai, ina duba shi da asuba da azahar da bayan isha'i ina rubutawa a littafi. Ina jera robobin ruwa masu sanyi a ƙasa da gefe domin su riƙe sanyi idan wuta ta yanke, kwalaben allurar harbin daji kuma ina sa su a tsakiya cikin kwali, nesa da bangon da yake yin ƙanƙara. Idan na isa ruga, abin da nake fara nema shi ne inuwar da zan ajiye mota, in buɗe tagogin baya kaɗan, in shimfiɗa farantin sola a rana da doguwar waya, sannan in je mu gaisa da Arɗo.